Tsintar Tsakuwa

Ƙarfe biyun dare a Dundaye,
fanka ta mutu, zafi bai mutu ba.
Kwamfuta a kan cinyata,
batiri saura kashi talatin da ɗaya.
Ga hasken wata tauraruwa da ba ta da suna sai lamba,
wata huɗu ana auna shi,
ya iso gare ni a layi siriri kamar igiya.

Layin kwance yake, yana ɗan numfashi,
can sai ya zabura,
tsini ɗaya tsaye kamar ƙayar aduwa.
Wannan ba aikin tauraruwa ba ne.
Wata ƙwayar zarra ce ta faɗo ta bugi idon na'ura,
ko waya ta ɗau zafi,
ko tauraron ɗan'adam ya gifta ba sallama.
Dokta Marafa ya ce: ki share su kafin safiya.

Ai na san wannan aiki.
Inna Kulu ta koya mini shi a Runjin Sambo,
shinkafar Kwalkwalawa baje a faifai,
yatsa na bi, ido na bi.
Takan ce, abin da ido ya yafe,
haƙori zai biya.

Sai na kafa wa manhaja doka:
ki ɗauki kowane ɗigo ki tambayi maƙwabtansa,
biyar a dama, biyar a hagu.
Wanda ya zarce 'yan'uwansa ninki biyar,
ki tsince shi,
ki cike gurbinsa da na tsakiya.

Na danna.
Dubu uku da ɗari biyu da sha bakwai suka fita
kafin in kai kofin ruwa baki.
Layi ya kwanta sumul
kamar daɓen da aka bi da tsintsiya.

Har zan rufe, na koma ga waɗanda aka kora.
Duk tsaye suke, ƙafa ɗaya, ba gaba ba baya,
ban da guda.
Shi ya hau da gudu,
amma bai faɗo da gudu ba,
ya sauko a hankali, ɗigo huɗu, biyar,
yana jan wutsiya.

Ƙwayar zarra ba ta yin haka.
Tauraruwa in ta yi aman wuta, ita ke yin haka.

Nan na tuna Kaka Ladan.
Wata shekara ya hango jinjirin wata
daga bakin gulbin Rima, shi kaɗai.
Ya rantse, aka dubi furfurarsa,
aka ce yanar ido ce, tsoho.
Washegari wata ya fito ƙato, ya daɗe bai faɗi ba.
Bai je ƙofar kowa ba.
Ni kaɗai ya ce wa:
"Na gane shi, ɗiyata,
amma wa ka jin mutum guda?"
Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa yana dariya.

Kashi tara.
Zufa na ɗiga a kan madannai.
Na koma cikin dokar na warware layi uku.
Ba na ce kada ki tsince ba,
tsakuwa tsakuwa ce, kuma sun fi yawa.
Amma duk wanda kika cire
ki rubuta sa'arsa da tsayinsa,
ki sa mini shi a ajiya.

Don Inna ma ba ta watsar da tsintarta nan take.
Takan tara a gefen faifai,
ta sake dubawa a hasken ƙofa,
wani lokaci ta murza baƙar ƙwaya,
sai ga shanshera ce, farar shinkafa a cikin riga.

An yi kiran assalatu.
Gamzaki ya hau bisa dogon yaro.
Allon ya yi baƙi a hannuna.
Har yanzu ban sani ba,
ko tsakuwa na ɗaga,
ko wani abu can nesa ya yi magana sau ɗaya tak,
kuma ya faɗi gaskiya.